Awon Safe

"Kin motsa," in ji Injiniya. "Sai mun sake."

"Wallahi ban motsa ba."

"Kin haɗiyi yawu. Na'urar nan ba abin da ba ta ji."

Malama ta sake rufe ido, ta jingina kai da bango, ta miƙa masa hannu. Ya kwance ɗamarar awon jini daga damtsenta, ya girgiza ta kamar akwai abin da ya maƙale a ciki, ya mayar, wannan karon ya ɗan sassauta. Ya danna. Na'urar ta yi gurnani, ta kumbura, ta sace. A kan cinyarsa yake ajiye ta kullum, fuskarta tana kallonsa shi kaɗai. Ɗari da saba'in da 'yan kai. Ɗan layin da ke gefe ya tsaya a kan ja.

"Nawa?"

"Batir ne ya yi sanyi. Kwanta ta gefen hagu, ki sha ruwa, mu ba shi hutu."

Wannan shi ne cikin matarsa Malama na huɗu, kuma shi kaɗai ya kai wata bakwai. Ukun farko duk a ɗakin kwanciya ɗaya na asibiti suka zube, har ta kai ko warin maganin goge ƙasa ta ji sai hankalinta ya tashi. Shi ya sa a wannan karon aka tura su wurin babbar likita, wadda ba ta ganin kowace mai ciki sai waɗanda sauran likitoci suka ji tsoro: masu hawan jini, masu ciwon suga, masu tagwayen da ɗaya ke cinye rabon ɗaya. Likitar tana da tsarinta. Idan mace tana da mutum mai hankali a gida wanda zai auna jininta kowace safiya ya tura wa nas lambar ta waya, sai ta bar ta ta kwana a gadonta na gida. Sharaɗi ɗaya ne. Ranar da lamba ta kai ɗari da sittin, a kawo ta nan take, kuma ba za ta koma gida ba sai ta haihu.

Injiniya ne mutum mai hankalin. Har likitar ta taɓa nuna shi ga wasu mazaje a bakin ƙofa, ta ce su yi koyi da shi. Ranar sai da ya sayi sabuwar hula.

Ja ta fara fitowa tun makon jiya. Ranar farko ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga yadda Malama ta ƙanƙame bakin zaninta tana jira, sai ya ce ta motsa. Ya sake aunawa, lamba ta ɗan sauka, ya ƙara rage mata kaɗan daga wurinsa. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce Allah ya yi masa albarka. Namiji mai furfura a gemu da tumbi a gaba ba kullum ake sa masa albarka da sassafe ba. Akwai kuma batun wanda zai riƙa zirga-zirgar asibiti wata biyu da kwanon abinci, amma wannan bai taɓa barin kansa ya yi tunaninsa da babbar murya ba.

A awo na huɗu ma layin bai bar ja ba.

"Yawwa," ya ce. "Ɗari da talatin da takwas. Ba na gaya miki ba?"

Ya tura wa nas. Ba ya tura lamba mai sifili a ƙarshe, don ya lura ita ce ke kama da ƙarya.

"Amma kaina kamar ana buga guduma," in ji Malama. "Kuma ina ganin wasu 'yan ƙyalƙyali a idona."

"Wayar nan ce da kike ƙura wa ido. Malamar makaranta an ba ta hutu, ta koma ɗalibar waya. Kwanta kawai."

Ta yi murmushi. Fuskarta ta kumbura har murmushin ya rasa wurin zama. Ya ce ƙiba ce ta jin daɗi, ya ɗauki makullinsa ya fita.

Injiniya bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba. Wayarin mota yake yi, a wata rumfar kwano bayan tashar manyan motoci, kuma abin da ya yi suna a kai shi ne kashe fitilar gargaɗi. Dillalai suna kawo masa motocin da allonsu ya cika da 'yan fitilu ja da ruwan ɗorawa, shi kuma ya sa kwamfutarsa ya goge. Wadda ta ƙi goguwa ya zare ƙwanta daga baya. Yana da hujjarsa, kuma ya maimaita ta har ya yarda da ita: fitila goma, tara tsoro ne kawai irin na masu ƙera mota.

Yana kwance a ƙarƙashin sitiyarin wata farar mota, ƙafafunsa a waje, dillalin da ya kawo ta ya tsaya a kansa yana cin gyaɗa.

"Ta man birki ce fa wannan, Injiniya. Ba matsala?"

"Birkin yana kamawa?"

"Yana kamawa, in ka roƙe shi."

"To me kake so da fitila? Mai saye allo yake kallo, ba ya leƙa ƙasa."

"Allah ya bar mana kai. Ya Madam? An kusa?"

"Lafiya lau. Ni ne likitanta yanzu. Waccan ta asibitin sa hannu kawai take yi."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya bar ta ta katse, don yana riƙe da wata siririyar waya da haƙori. Ta sake, ya ɗauka. Maƙwabciyarsu ce, kuma ba ta yi sallama ba.

"Ka zo. Na same ta a durƙushe gaban bahon wanki, jini har ƙasa. Mun sa ta a tasi. Na kira yayarta."

Farar motar ya ɗauka, allonta rabi a kwance, wayoyi suna lilo a kan gwiwarsa. A kowace mahaɗa sai ya taka birki sau biyu kafin ta saurare shi.

Sashen babbar likitar yana hawa na biyu, ƙarshen wani dogon baranda mai benci a jere. Mata masu manyan cikkuna suna zaune sun miƙe kumburarrun ƙafafu, kowacce da ledar magani a cinya. Wata nas ta gane shi, ta ja shi zuwa ɗakin hoton ciki. An rage hasken ɗakin. Malama tana kan gado an sa mata ruwa a hannu biyu, tana nishi ta cikin haƙora. Likitar, 'yar siririyar mace mai tabarau a rataye a wuya, tana zaune tana yawo da kan na'ura a kan cikin, wanda ya yi tauri kamar katako. Ba ta ɗago ba.

"Mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa," ta ce. "Jini yana taruwa a baya. Zuciyar jaririn tana bugawa, amma a hankali ƙwarai. Jinin matarka ya haura ɗari da tamanin. Yanzu za mu shiga da ita."

"Da safe ɗari da talatin da takwas ne," in ji Injiniya. Ba wanda ya tambaye shi.

"Na gani," ta ce. Ta ɗago ta dube shi, gajeren kallo. "Sa hannu. Idan jini ya ƙi tsayawa, zan yi duk abin da zai bar ta da rai. Ka fahimta?"

Ya ce ya fahimta. Aka tura gadon. Da za a wuce da ita Malama ta kama hannun rigarsa, ta bar masa shatin yatsu a kan baƙin mai.

Yaya ta iso tana haki, mayafi a hannu. Ita ce babbar yayar Malama, ita ta raine ta, kuma tun ranar ɗaurin aure take kallon Injiniya kamar kayan da aka sayo ba a gwada ba.

"Wanki!" ta ce. "Mace mai ciki irin wannan, wanki! Kai hannunka ciwo yake yi?"

"Na hana ta, Yaya. Kullum sai na hana ta."

"Ka hana ta da baki, kayan kuma su wanke kansu." Ta zauna, benci ya yi ƙara. "Ita ma da taurin kai. Tun tana yarinya ba ta iya ganin datti ta kau da kai. Ga shi nan ai."

Injiniya ya ji wani abu ya ɗan sassauta a ƙirjinsa, irin sassaucin da mutum ba ya son a gan shi da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ga shi nan kuwa."

Sun daɗe a wurin. Matan benci suka ragu ɗaya bayan ɗaya. Dillali ya kira yana tambayar motarsa, ya ce Allah ya sauwaƙe, sannan ya tambaya ko an kashe fitilar kafin a fito. Wani nas ya wuce a guje da jakunkunan jini, ya dawo, ya sake wucewa da wasu. Rana ta karkata kafin ƙofar ta buɗe.

Likitar ta cire hular tiyata, ta tsaya a gabansu. Ta yi magana a fili, ba ta kewaya ba. Abin da aka haifa mace ce. Ta zo da sauran numfashi, likitocin jarirai sun yi iya yinsu, ba ta tsaya ba. Uwar tana raye. Jini ya ƙi tsayawa, sun cire mahaifar.

Yaya ta yi salati, ta zame daga benci zuwa ƙasa. Injiniya ya tsaya yana kallon takalman robar likitar. Akwai ɗigon jini a kan na hagu.

"Kai, biyo ni," ta ce.

Ofishinta ƙarami ne. Tebur, kujeru biyu, kofin shayin da ya huce tun safe, da bango guda cike da hotunan jarirai da iyaye suka kawo, wasu ƙanana kamar 'yan tsaki a cikin kwalba. Ta zauna, ta murza idanunta.

"Sakamakon jininta ya fito muna ciki. Ƙodarta da hantarta sun jima suna shan wuya. Wannan ba aikin safiya ɗaya ba ne. Ina na'urar awon?"

"Tana gida."

"A kawo ta. Irin wadda na sa ku saya tana ajiye duk awon da aka yi."

"Ba komai a cikinta," ya ce. "Tana gogewa."

"Da kanta?"

Ya ɗaga kai. Fanka tana juyawa a sama tana ɗan ƙiƙi, ya ji a ransa cewa mai take buƙata.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Likita, na'urorin nan, ni aikina ne, na san su. Sau tari ba abin da..."

"Tun yaushe?"

"Makon jiya."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an tabbatar mata da farashin abin da ta riga ta sani.

"Bari in gaya maka abin da zan yi a makon jiya, don kada ka tafi kana cewa lokaci ne ya yi. Zan kwantar da ita. Zan canza mata magani. Zan yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun jariri. Zan riƙa duba yarinyar safe da yamma, ranar da na ga ciki ya fi waje haɗari in fito da ita da hannuna, cikin natsuwa. Ban ce lallai za ta rayu ba, ni ba Allah ba ce. Amma yawancin waɗancan," ta nuna bangon da haɓa, "a irin watanninta na ciro su."

"Tana tsoron ɗakin nan ne, Likita. Kuka take yi in an ambace shi. Tausayinta na ji."

"Na sani. Ni ma shi na ji, shi ya sa na ba ka ita." Ta ɗauki kofin, ta duba cikinsa, ta ajiye. "Lambobinka sun yi kyau fiye da kima. Mace mai irin tarihinta, jini ba ya zama haka kamar an ja layi. Ya kamata in yi shakka. Sai na ji daɗinsu. Wannan nawa ne, zan kwana da shi. Akwai mata a hannuna yanzu da ke kwana a gida bisa amanar mazajensu. Gobe duk zan kira su in kwantar, su bar 'ya'yansu da sana'o'insu. Ba za su san dalili ba, za su ce na cika tsanani."

"Za ki gaya mata?"

Ya so ya tambayi wani abu daban, yadda yarinyar take, ko tana da gashi. Wannan ce ta riga fita.

Likitar ta dube shi ta saman tabarau.

"Idan ta farfaɗo zan gaya mata game da yarinyar, da mahaifar. Haƙƙinta ne. Zan ce jininta ne ya hau, mabiyiya ta ɓalle. Sauran ba zan ɗora mata yau ba, jininta ba zai ɗauka ba. Idan ta tambaye ni kai tsaye wata rana, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ba za ta tambaya ba, don ba za ta taɓa kawo ka a ranta ba. Abu ɗaya nake so ka ji. Kafin mu sa mata maganin barci, maganar wanki kawai take yi. Wanki ba ya ɓalle mabiyiya. Da tana kwance a gado ma zai faru. Na gaya mata, ba ta ji ni ba. Daga bakinka za ta ji."

Da suka fito, Yaya ta riga ta miƙe, ta ɗaure mayafi a ƙugu, 'yan'uwa biyu sun ƙaru a bayanta.

"Ke ce babbar likitar?" ta ce. "Ke ce aka ce babu kamarki? Kullum bawan Allahn nan sai ya turo muku awo, ko fashin rana ɗaya bai yi ba. Me kuka yi da shi? Kuna kallo! Mace ta yi ɓari uku, ki sallame ta gida kamar mai mura? Kun kashe 'yar, kun kwashe mahaifar, yanzu za ki je ki sha shayi!"

Masu jinya suka leƙo daga ɗakuna. Nas ɗin da ke karɓar saƙonninsa kowace safiya ta tsaya riƙe da tire, idonta ya ciko. Likitar ta juya ta kalli Injiniya, ta jira.

Ya gyara murya. Ya ɗaga hannu biyu, irin na dattijon da ake kira raba faɗa.

"Yaya, a yi haƙuri," ya ce. "Su ma mutane ne. Mu mun bar wa Allah."

"Ka ji ko," in ji ɗaya daga cikin 'yan'uwan. "Shi da aka yi wa ma ya haƙura."

Likitar ta ci gaba da kallonsa na ɗan lokaci. Sannan ta ce wa nas a kira mata mai tagwayen nan da ke jira tun azahar, ta wuce.

Gab da faɗuwar rana aka ce mutum ɗaya zai iya shiga. Yaya ta ce shi ya fara, shi ne miji. Ɗakin gado huɗu ne, labule tsakaninsu. Malama tana na ƙarshe kusa da taga, robar iska a hanci, jakar jini a rataye a kanta. Kumburin fuskar bai sauka ba, leɓɓanta sun yi fari sun tsattsage. Cikin ya faɗa a ƙarƙashin bargo, amma hannunta yana kai, inda ya saba zama.

Ya ja kujera. Tun daga baranda yake shirya maganar, ya ma samo farkonta. Zai ce, Malama, akwai abin da ban gaya miki ba.

"Ka gan ta?" ta ce. Muryar da ƙyar take fita.

"A'a."

"Sun nuna mini. Hancinka ne." Ta lashi leɓɓanta. "Likita ta gaya maka ɗayan? Cewa shi ke nan?"

"Ta gaya mini."

"Ka ce in kwanta. Da bakinka ka ce in kwanta." Hawaye ya gangara ta gefen ido ya shiga kunnenta. "Rigunan aikinka ne na ga sun taru, na ce bari in jiƙa su kawai. Sai na ce tunda na jiƙa. Kai kana ta wahala, kullum awo, kullum saƙo, ko shayi ba ka sha sai ka auna ni. Ka kai ta wata bakwai da hannunka. Ni kuma na zubar da ita a bahon wanki."

"Malama..."

"Likita ta ce ba shi ba ne. Haka suke cewa, don mutum ya samu barci. Lafiya lau na tashi, kai ka auna. Kai kaɗai ba za ka ɓoye mini ba." Ta juyo da kai da ƙyar, ta neme shi da ido. "Wankin ne, ko?"

A bayan labule wata tana waya ƙasa-ƙasa, tana cewa a kawo mata filo daga gida. Injiniya ya kalli hannuwansa. Baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin kowane farce. A ransa ya ga Yaya a baranda, da 'yan'uwan, da maƙwabciya, da dillali, da duk safiyoyin da suka rage masa a gida ɗaya da wannan matar. Maganar da ya shirya tana nan a bakinsa, ba inda ta je.

"Abin da ya wuce ya wuce," ya ce.

Ta rufe ido. Ƙirjinta ya ɗaga, ya sauka. Ta lalubo hannunsa a kan bargo ta riƙe da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ka yafe mini, don Allah."

Ya ɗora ɗaya hannun a kan nata, ya ɗan bubbuga.

"Na yafe miki," in ji Injiniya.